Tarar Gindin Tsamiya

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu da alayensa da sahabbansa.

Daga hannun mahaifiyarka zuwa gare ka, Na-Inna. Gaisuwa mai yawa, da fatan alheri, da addu'ar da ba ta yanke ba tun ranar da aka yanke maka cibiya. Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin lafiya. Ya tsare ka a hanyar Damagaram, hawanta da gangarenta, da yashin nan da kake cewa yana kama ƙafar mota.

Za ka yi mamakin takarda daga ɗakin da ke kallon naka, alhali zana ɗaya ce tsakaninmu. To ka san yadda muke, ni da kai. Kai ne ɗan fari. Tun kana goye idona bai saba tsayawa a kanka gaban mutane ba, kuma ranar da aka yaye ka Inna, mahaifiyata, ta ɗauke ka zuwa Dungas, can ka girma a gidan Malam, kakanka. Ko da ka dawo nan Kwaya har ka fi ni tsawo. Maganar da ke bakina doguwa ce, in na ce zan faɗa maka ido da ido, na san ba zan wuce Allah ya kiyaye hanya ba. Shi ya sa na roƙi takarda wurin liman, na dama tawada yadda Malam ya koya mini. Ka yi haƙuri da rubutun, hannun ya fi sabawa da muciya yanzu.

Shekaranjiya ina tankaɗe a bayan zana na ji kana magana da ƙanwarka Hajara. Ban yi laɓe ba, Allah ya sani, muryarka ce ta yi kauri irin ta mahaifinka. Ka ce ka kai gyaɗa sikeli a Magarya, filin ya cika da buhuna, malamin sikeli da bakinsa ya ce ka tsayar da kamiyo, babbar motar nan taka, a bakin ƙofa kafin a yi wuri. Jandarma, ɗan sandan hanya, ya zo ya rubuta maka tara, wai ka tare hanya. Ka ce Alhaji mai motar ya riga ya gargaɗe ka, in motarsa ta shiga littafin bariki zai karɓi makullinsa ya ba wani. Sai ka ce za ka damƙa wa wani gardi, dogarin bariki, kuɗin ya kai maka a ɓoye, ka tafi Damagaram abinka, ba wanda ya ji. Hajara ta ce ai ba laifinka ba ne. Ka ce mata kai ba ka iya tsayawa gaban hukuma kana baki ba.

Rariyar ta tsaya a hannuna. Wannan maganar ba a gidan Malam ka koye ta ba, a nono ka sha ta. Makullin nan kuwa ka san wahalar da ka sha kafin ya zo hannunka, shekarun da ka yi kana kwana ƙarƙashin motar wasu, kana sa wejin itace a bayan ƙafa. Ba na son ka rasa shi yadda na rasar maka da wani abu a da. Don haka zauna ka karanta, zan ba ka labarin da ban taɓa ba ka ba.

Kana tuna Ɗan Kaka? Na san kana tunawa. Jakin nan ja mai tsagaggen kunnen hagu, wanda aka haifa lokacin da ake yankan gero. Malam ya ba ka shi ranar da ka fita daga kaciya, ya faɗa gaban mutane cewa wannan na yaron ne, ba na ubansa ba, ba na uwarsa ba. Kana hawansa ba akumari, ka zagaya rijiyar Dungas kana ba shi umarni kamar sarki. Shekarar da aka ɗebi mahaifinka aikin dole na hanyar mota, lokacin yaƙin Nasara da aka rufe iyaka har gishiri da ƙyalle suka yi wuya, Malam ya aiko mini da jakin. Saƙonsa gajere ne: in yi aiki da shi in ci abinci, amma in sani amana ce.

Ni da ban taɓa zaman kasuwa ba, sai ga ni ina kai man gyaɗa da ƙuliƙuli Magarya. In gaya maka gaskiya, duk da wahalar, kwanakin nan suna cikin waɗanda nake tunawa da daɗi. Mukan fita da sanyin safiya, matan Kwaya a jere, Gambo ƙawata a gaba tana ba da labarin da rabinsa ƙari ne, muna dariya muna rufe baki. Ƙanshin ƙuli yana tashi daga mangala. Akwai wata rijiya a tsakiyar hanya, in mun iso nan Ɗan Kaka sai ya kafe, ko an buge shi ba ya motsi, har sai na ɓantaro masa ƙuli daga bakin zanena. Gambo takan ce wannan jaki ya fi wasu mazan sanin haƙƙinsa. Da na lura da maganarta a lokacin, da na koyi wani abu wurin jakin.

A bakin kasuwar Magarya akwai tsamiya babba, kusa da hanyar da ta hau bariki. Ka san ta, har yau tana nan, ba ta da nisa da sikelinku. Tun kakanni nan mutanen Kwaya ke ɗaure dabbobinsu. A inuwarta ake jin wa ya haihu, wa ya rasu, ina ruwa ya sauka. Sai aka kawo sabon kumandan, Nasaran da ke mulkin bariki, mai mota, aka jera duwatsu a gefen hanya aka shafe su da farar ƙasa, sankira ya zaga ya ce kada dabba ta tsaya a cikin duwatsun. Mutanenmu suka cire turakunsu suka mayar bayan tsamiya, wajen kasuwa. Nan nake ɗaurewa tare da kowa, nan kuma na ɗaure ran da abin ya faru.

Na shiga wani gida na yi azahar. Ina fitowa na hango igiyar Ɗan Kaka a hannun gardi mai jar dara. Tanko ne. Ba baƙo ba ne a gare ni, ya yi karatu wurin Malam yana yaro, bai yi nisa ba ya gudu, daga baya aka ji ya shiga aikin bariki. Jakunan maza suna nan a turakunsu, kusa da nawa, bai taɓa ko ɗaya ba. Ya san in ya kwance na Ɗan Jumma mai tukwane, kasuwa duk sai ta ji. Na matso, kuma abin da ya fara fita daga bakina shi ne: «Don Allah ka yi haƙuri, ban sani ba.»

Ya juya ga mutanen da suka fara taruwa ya ce: «To kun dai ji, 'yar Malam ta amsa da bakinta.»

Turken yana nan a kafe, tsakaninsa da fararen duwatsun tsamiya ce sukutum. Da na nuna shi da yatsa na ce ga inda ya tsaya, da mutum goma sun ce haka ne. Amma wanda ya riga ya ba da haƙuri, wa zai tsaya masa? Kowa ya koma kan kayansa.

Wannan shi ne kuskurena na fari. A gidanmu an koya mana ba da haƙuri kafin a tambaye mu, kuma a tsakanin 'yan'uwa abu ne mai kyau, har gobe ina son ka da shi. A gaban mai jar dara kuwa haƙurinka shaida ce a kanka. Saboda haka in an tare ka, ka yi sallama, ka gaishe shi da ladabi, sa'an nan ka sauko ka dubi inda ƙafafun motarka suke, ka dubi wa ke wurin, ka tuna wa ya ce ka tsaya. In kai ne da laifi ka amsa, kada ka ƙara ko harafi na ƙarya. In ba kai ba ne, ladabi bai ce ka ɗauki abin da ba naka ba.

Na biyu ya biyo baya ko numfashi ban yi ba. Tanko ya faɗi tara. Ni a lokacin ba kuɗin ne ya dame ni ba, idon mutane ne. Ina jin kamar duk kasuwa tana cewa ga 'yar Malam can ana ja da ita. Na ce masa mu matsa bayan rumfar mahauta. Nan na kwance bakin zane na juye masa cinikin ranar gaba ɗaya, ba wanda ya gani sai ungulu. Ya zuba a aljihu, ya ce jaki dai ya riga ya shiga hannun hukuma, dole ya kwana a turken bariki, in dawo kasuwa mai zuwa. Na ɗauko mangala a kai na komo Kwaya. Da muka zo rijiyar nan ta tsakiyar hanya na ga ƙafata ta tsaya da kanta. Kasuwa ta zagayo na je, ya ce kumandan ya fita zagayen ƙasa. Ta sake zagayowa, ya ce mai makullin ba ya nan.

Ka ji dalilin da ya sa rariya ta tsaya a hannuna da ka ce za ka ba wani gardi ya kai maka. Kuɗin hukuma ba a bayar da shi a bayan rumfa. Akwai taga a biro, ofishin bariki, a nan ake biya, da rana, a ba ka takardar shaida ka ninke ka sa cikin hularka. Wanda duk ya ce kawo in kai maka don kada a gan ka, ya riga ya gane abin da kake tsoro, kuma zai dawo ya sake sayar maka da shi. Na ga haka da idona.

Don sun dawo. Da hantsi ne, ina suyar ƙuli, na ji sallama a ƙofar gida. Su biyu, Tanko da wani dattijon gardi da ake kira Baba Sambo. Ka san abin da na yi? Na shimfiɗa musu tabarmar mahaifinka, na dama fura na kai. Baƙi ne a ƙofar gidan da maigidan ba ya nan, ban san wata hanya ba. Tanko ya sha ya ƙoshi, ya share gashin baki, sa'an nan ya ce a littafin bariki ba a ga tarata ba, ga kuma kuɗin ciyawa da ruwan da jaki ya ci ya sha tun ranar. Daga bayan ƙofa na ce masa, a hankali, wanda na ba shi a kasuwa fa?

Ya yi dariya ya ce: «Haba 'yar Malam, wancan ai ladan kwance igiya ne.»

Na ce ba ni da ko dala. Ya ce hukuma ba ta raina kaya. Ya shiga har tsakar gida, ya kwance akuyata mai ciki, ya leƙa ɗaki ya ɗauko tasar tagulla da Inna ta ba ni ranar da aka kawo ni gidan nan. Tasar da aka yi maka wankan farko a cikinta. Man gyaɗa yana ƙonewa a kasko ina tsaye ina kallo. Maigari yana zaune a gindin darbejiyarsa, in na ɗaga murya kaɗan zai ji. Ban ɗaga ba, ban aika ba. Ina tsoron a ce gidan wane ne aka zo kwasar kaya.

Baba Sambo bai taɓa furar ba. Da za su fita sai ya tsaya kamar yana gyaran igiyar takalminsa, har Tanko ya yi gaba da akuya. Bai dube ni ba ya ce kumandan yana zama a baranda da safe yana jin ƙara, kowa yana iya zuwa, mace ko namiji. Ya ce dabbar da ba a san mai ita ba ana yin gwanjonta in wata ya mutu, in yi sauri. Na sha yi masa addu'a a bayan salla. Ina gaya maka wannan don kada ka ɗauka duk mai jar dara ɗaya ne, ka shiga zagin mutane a kan hanya. Akwai masu tsoron Allah a cikinsu, sai dai ba sa ɗaga murya, kamar mu.

To ga na uku. In masu karɓar tara suka zo maka gida, a Damagaram ko a ko'ina, ba baƙin fura ba ne, ba kuma abokan faɗa ba ne. Ka tsaya a bakin ƙofa. Ka aika a kira mai unguwa ko liman kafin a taɓa ko tsintsiya. Ka tambayi wa ya aiko su, su nuna takarda, a karanta a gaban mutane. Abin da suka ɗauka a faɗe shi da ƙarfi kowa ya ji. Kunyar taron mutane a ƙofar gida yini ɗaya ce. Ni ga shi har yau in na ga tasar tagulla a ɗakin wata sai na kau da kai.

Yanzu na zo wurin da hannuna yake nauyi.

Na gaya wa Gambo abin da Baba Sambo ya ce. Ta ce maza mu je tare, ita bakinta ba a ɗaure yake ba. Na ce to. Amma da gari ya waye na fita ban biya ta gidanta ba. Na ce a raina Gambo tana da surutu, kafin la'asar labarin ya kai Dungas, Malam ya ji 'yarsa ta tsaya gaban Nasara. Na tafi ni kaɗai.

Ban taɓa hawa tudun bariki ba sai ranar. Daga nesa na hango turken da suke tsare dabbobi, na ga jan kunnen nan tsagagge. Ya rame. Na zauna cikin masu jira har aka kira ni. Kumandan saurayi ne siriri, wuyansa ja, yana rubutu bai ɗago ba. Tafinta yana tsaye a gefensa. Ban san inda na samo ƙarfi ba, amma na faɗi komai: turke, da duwatsu, da bayan rumfar mahauta, da akuya, da tasa. Tafinta yana ta cewa in ɗaga murya. Ina cikin magana na ga Nasaran ya aje alƙalami. Ya sa aka kira Tanko. Ya yi masa tambayoyi da faɗa, ban ji harshensu ba amma na ga gumi yana bin jar darar. Na-Inna, ranar nan gaskiya ta kusa yin aiki. Ina iya cewa na ji igiyar a tafin hannuna.

Sai Tanko ya ƙame ya ce wa tafinta a tambaye ni ko jakin ma nawa ne, don kowa yana iya zuwa ya nuna dabba ya ce tasa ce. Ya san gidan da na fito. Ya san abin da zan iya da wanda ba zan iya ba.

Tafinta ya ce: «Kumandan yana tambaya, jakin naki ne?»

I kawai zan ce a miƙo mini igiya. Amma Malam ya faɗa gaban mutane, ba na uwarsa ba ne. Na ce ba nawa ba ne, amana ce. Ya ce ta wa? Na ce ta yaron. Wane yaro? Na ce na wajen Inna, a Dungas. Ya ce Nasara ba ya rubuta na wajen Inna a littafi, suna yake so, na yanka.

Ka san yadda ake yi. In aka tambayi mace sunan ɗanta na fari sai ta dubi ta kusa da ita, waccan ta faɗa, a wuce wurin. Haka aka yi a ƙidaya, haka ake yi a ko'ina. Na waiwaya. Ba ɗan Kwaya, ba ɗan Dungas, Gambo tana can gida inda na baro ta. Mutum ɗaya ne a barandar nan ya san sunanka, don ya ci naman ragon sunanka a zauren Malam. Na dube shi na ce: «Tanko, kai ka san shi. Faɗa musu.»

Ya ce: «Ni, 'yar Malam? Ni na haifa?»

Tafintan nan, Allah ya saka masa, ya sunkuyo ya ce baiwar Allah ki faɗa ko a kunnena ne, ba mai ji. Na buɗe baki. Sunan yana nan a kan harshena, na san shi fiye da nawa, ina faɗarsa a zuci bayan kowace salla. Amma tunda aka raɗa maka shi bai taɓa bi ta leɓena ba, sai na ji kamar an ce in kwance zanena a tsakiyar kasuwa. Na tsaya. Na sake buɗe baki, na sake rufewa. Nasaran yana kallona. Daga baya aka ce mini ya ɗauka jakin wani ne da ya gudu ƙasar Ingilishi don haraji, ni kuma ina rufa masa asiri. Ya ɗauki alƙalaminsa, ya yi alama da hannu, aka kira na bayana.

Da wata ya mutu aka yi gwanjon Ɗan Kaka cikin dabbobin da ba su da mai su.

Gambo ba ta bar ni ba. Ta ce ke da kika sauke Alƙur'ani tun ba ki yi aure ba, sunan abin da kika haifa ya gagare ki? Ta ce da na tsaya mata, da ta faɗe shi har Nasaran ya toshe kunne. Tana faɗa tana kuka. Na tafi Dungas da ƙafa na durƙusa gaban Malam na gaya masa yadda amanarsa ta salwanta. Ya daɗe yana jan tasbaha. Sa'an nan ya ce ƙin ƙaryar da na yi ya ji daɗinsa, shi ya koya mini. Ɗaya kuwa, ƙin faɗin sunanka, ya ce, ba a littafi na same shi ba, kuma ko matan da suka koya mini ba su ce in yi shi inda haƙƙin yaro zai faɗi ba. Kai kana waje kana tambayar Inna yaushe za a maido maka da jakinka. Ta ce maka bariki ta ci shi. Na ji kukanka daga zaure, kuma ko a nan ban fito na rarrashe ka ba. An ce ka yi kwanaki ba ka cin tuwo sai an matsa. Mahaifinka, Allah ya jiƙansa, da ya dawo daga aikin hanya da tarin da bai rabu da shi ba, ya dubi turken da ba kowa, bai tambaye ni ba har ya koma ga Allah.

Na sake ganinsa sau ɗaya, bayan an buɗe iyaka. Ayarin masu kanwa ne za su Kano, suka ratsa ta rijiyar nan ta tsakiyar hanya ina ɗiban ruwa. Wani jaki tsoho ya kafe, mai shi yana ta bugu yana zagi. Na ga kunnen. Na ce wa mutumin ya dakata, na ɓantaro ƙuli daga bakin zanena na miƙa. Ya ci, ya kaɗa kai, ya bi 'yan'uwansa. Mai shi ya ce ikon Allah, kowace shekara sai ya yi masa haka a nan wurin, bai san dalili ba. Ban gaya masa ba.

Tanko ya zo gaisuwa ranar da Malam ya rasu, ya bar aikin, ya tsufa kafin lokacinsa. Ya aiko a ce mini in yafe. Na ce kuɗin kasuwa da akuya da tasa nawa ne, na yafe duniya da lahira. Jaki kuwa ba nawa ba ne da zan yafe. Tanko yana nan da rai a Sassumbrum, in ka ga dama wata rana ka yafe masa. Ni ma haka, Na-Inna. Wannan magana tana gabanka, ba na gaggauta ka.

To ga abin da nake so ka yi kafin ka tafi. Ka fara zuwa wurin Alhaji da ƙafarka, ka gaya masa yadda aka yi tun bai ji a bakin wani ba. In ka ɓoye, ranar da masu jar dara za su yi sallama a ƙofarsa kana Damagaram, ranar makulli zai bar hannunka, kuma ba don tarar ba, don ɓoyon. Daga nan ka hau bariki ka ce ba ka yarda da tarar ba, ka faɗi wanda ya ce ka tsaya a ƙofar sikeli. Ba sai ka iya baki ba. Ni ma ban iya ba, amma Nasara ya aje alƙalami. Ka faɗi abin da ya faru yadda ya faru, wanda aka tambaye ka ka amsa har ƙarshe. In bayan haka suka ce sai ka biya, ka biya a taga ka karɓi takardarka, ka fito kanka a sama.

Kuma kada ka je kai kaɗai. Jiya na je Magarya, Hajara ta ɗauka kasuwa na tafi. Gambo ce ke sayar da fura a bakin sikelin nan tunda ta koma wurin 'yarta, kai ma kana sha a wurinta. Ta ce da kunnenta ta ji malamin sikeli yana ce maka ja nan bakin ƙofa, direba. Haƙoranta sun zube amma bakin yana nan yadda na san shi. Ta ce shekara da shekaru tana jiran a kai ta barandar nan, wannan karon in aka bar ta a gida sai ta tsine wa zuriyarmu kaf. Ka biya ta wurinta, ka ɗaukar mata ƙwaryarta a hawan tudun, gwiwarta ba ta da ƙarfi.

Ni ma zan biyo ku. Ba zan shiga gabanka ba, zan zauna can baya cikin masu jira. Amma in aka waiwaya aka ce wa ya san direban nan, ɗan wa ne, wa sunansa, akwai mai amsawa. Tun shekaranjiya nake gwadawa a bakin turmi, a hankali, inda ƙarar taɓarya take rufe murya. Jiya ya fita sau ɗaya. Sama ba ta faɗo ba, kaji ne kawai suka ɗago kai.

In mun haɗu da safe a tsakar gida ka gaishe ni yadda ka saba, zan amsa ina kallon murhu yadda na saba. Kada ka nuna wa Hajara ƙarshen takardar nan, bakinta ya fara kama da na Gambo.

Allah ya sa ka fi ƙarfin abin da kake tsoro. Ya haɗa ka da masu tsoronsa a kan hanya da cikin biro. Ya kiyaye ka daga haɗari, da barcin tuƙi, da cin haƙƙin wani, da barin naka a ci. Ya kai ka Damagaram lafiya da makullinka a aljihu, ya maido mini da kai lafiya duk lokacin da hanya ta biyo ta Kwaya. Na ba ka amana ga wanda amana ba ta salwanta a hannunsa.

Allah ya yi maka albarka, Mutari, ɗana.

Wassalam, daga mahaifiyarka.